Filin Tambaya da Amsa: Karatun Laifuffuka Ɗaya Bayan Ɗaya da Yadda Kotu Ke Fassara Su

Wasiƙun wannan fitowa yawanci daga ɗaliban lauya suka fito, waɗanda suka gama gabatarwar dokar laifuffuka suka shiga ɓangaren da ake ɗaukar kowane laifi shi kaɗai. Mun zaɓi shida, mun gajarta wasu. Malaman da ke kula da filin ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Malamai, Allah ya ƙara basira. Na haddace sassan doka kan sata, fashi da kisan kai har ina iya kawo su da ka, amma sakamakon gwajina bai nuna haka ba. Ina matsalar take? (Wani ɗalibi)

Amsa: Ɗan'uwa, haddar ba ta ɓaci ba, amma rabin aiki ce. Abin da ake so ka iya shi ne warware sashe zuwa rukunansa, domin mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar da kowane rukuni, in ɗaya ya faɗi tuhumar ta faɗi.

Ɗauki sata a sashe na 286 na Final Kod, wato kundin dokar laifuffuka na Arewacin Najeriya. In ka karanta shi a tsanake za ka fitar da abu biyar: dukiyar ta zama wadda ake iya ɗagawa daga wuri zuwa wuri, tana hannun wani, mai ita bai yarda ba, wanda ake tuhuma ya gusar da ita, kuma ya gusar da ita da nufin ɗauka ta hanyar rashin gaskiya. Lura da na huɗu. Ba sai ya fita da kayan daga gidan ba. Da ya janye akwati daga ƙarƙashin gado da wannan nufi, satar ta cika ko da an cafke shi a bakin ƙofa. Lura da na biyu kuma: hannu aka ce, ba mallaka ba. Wanda ya ba da agogonsa jingina, ya lallaɓa da dare ya ɗauke shi daga hannun mai binsa bashi, yana iya faɗawa cikin sata alhali agogon nasa ne.

Ka ware wa kowane laifi shafi guda, ka ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. Na farko rukuni, da ainihin kalmomin dokar. Na biyu shari'ar da ta fassara shi, da shekara da kotun da ta yanke. Na uku abin da ya faru a shari'ar, a jimla biyu kawai. Na huɗu inda har yanzu ake saɓani. In layi na biyu ya zauna babu komai a gaban wani rukuni, nan ne ba ka karanta ba, kuma galibi nan malami zai dasa tambayarsa.

Ga misalin yadda rukuni ɗaya ke juya shari'a. A 1978, a shari'ar Oxford da Moss, wani ɗalibin Jami'ar Libaful ya samo takardar jarrabawar da zai rubuta, ya karanta, ya mayar. Takardar bai yi nufin riƙe ta ba, don haka aka tuhume shi da satar sirrin da ke cikinta. Kotu ta ce sirri ba ya cikin abin da dokar sata ta Ingila ta 1968 ta kira dukiya, aka sallame shi. Jami'a na da nata hukuncin ladabtarwa, wannan daban. Amma laifin sata bai tabbata ba, saboda rukuni ɗaya tak.

Tambaya: Muna da namu kundin doka a rubuce. Me ya sa malamai ke cika mu da shari'o'in Ingila da Indiya? Wajibi ne kotunanmu su bi su? (Wata ɗaliba)

Amsa: Ba wajibi ba ne. Hukuncin wata ƙasa shawara ce mai nauyi, hukuncin kotun da ke sama da ke a ƙasarki shi ne tilas. Amma sanin asalin kundin zai gaya miki wace shawara ta fi dacewa.

Final Kod na Arewacin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1960, an gina shi kan kundin Sudan, shi kuma na Sudan daga kundin Indiya na 1860 aka samo shi, wanda Macaulay ya jagoranci tsarawa. Kiriminal Kod kuwa, kundin laifuffuka na Kudancin Najeriya, ɗan gidan Kwinsland ne ta Ostareliya, kundin 1899 da Samuel Griffith ya rubuta. An fara shigo da shi Arewa a 1904, aka faɗaɗa shi ga ƙasar baki ɗaya a 1916. Don haka in kalma ta shige miki duhu a Final Kod, hukuncin Indiya ko Sudan ya fi kusa da ke, domin sau da yawa jimlar iri ɗaya ce. In a Kiriminal Kod ne, duba Kwinsland.

Kuskuren da ya fi cin maki shi ne ɗora hukuncin Ingila kan sashen da kalmominsa suka bambanta. A Ingila sata tana buƙatar nufin raba mai kaya da kayansa har abada. Sashe na 286 bai faɗi haka ba, kamar yadda sashe na 378 na tsohon kundin Indiya bai faɗa ba. Shi ya sa a shari'ar Pyare Lal Bhargava, a farkon shekarun 1960, Kotun Ƙolin Indiya ta tabbatar da laifin sata kan ma'aikacin da ya ɗauki fayil ɗin ofis ya kai gida, ya bai wa wani ya sauya takardu a ciki, sannan ya mayar da shi. Ɗaliba da ta rubuta cewa "ai ya yi niyyar mayarwa, don haka babu sata" a ƙarƙashin Final Kod ta amsa tambayar wata ƙasa ce. Tun 1891, a shari'ar Bankin Ingila da Vagliano, Lord Herschell ya shimfiɗa ƙa'idar: a fara da lafazin kundin da ma'anarsa ta zahiri, kada a fara da tambayar yadda doka take kafin kundin.

Sai ki kiyaye lambobin sassa. Jihar Legas ta yi tata dokar laifuffuka a 2011, Kaduna ta sabunta Final Kod ɗinta a 2017, Indiya ta maye gurbin kundin 1860 da sabo a Yulin 2024, kuma jihohin da suka kafa kundin laifuffuka na Shari'a daga shekarar 2000 suna da sharuɗɗan nisabi da ma'ajiya kafin haddin sata. Kafin ki rubuta lamba, faɗi kundin da kike nufi.

Tambaya: Niyya a zuci take. Ta yaya alƙali zai san mutum ya yi nufin kisa in shi ya ce bai yi ba? (Mai karatu, ba ɗalibin lauya ba)

Amsa: Daga aiki ake karanto ta. Kotu tana duban makamin da aka yi amfani da shi, da gaɓar da aka nufa, da ƙarfin bugun, da yawansa, da abin da mutum ya faɗa kafin da bayan. Sara da adda a wuya da mari a kumatu ba su ba da labari iri ɗaya. Kuma a raba niyya da dalili: wanda ya kashe majinyaci don tausayi ya yi nufin kisa, tausayin dalili ne kawai, sai dai a duba shi wajen sassauci inda doka ta bar ƙofa.

Wahalar tana inda mutum bai so mutuwar ba amma ya yi abin da kusan dole ya kashe. A 1998, a shari'ar Woollin, wani uba ya fusata ya yi jifa da jaririnsa ɗan wata uku, kan yaron ya fashe ya mutu. Kotun ƙolin Ingila ta wancan zamani ta ce ana iya samun niyya idan mutuwa ko mummunan rauni kusan tabbas ne daga aikin, kuma shi mai aikin ya gane haka. Da yake alƙalin farko ya yi wa masu yanke hukunci maganar "babban haɗari" maimakon "kusan tabbas", sai aka sauke laifin daga kisan kai na niyya zuwa kisa mai ƙaramin hukunci.

Final Kod ya bi wata hanya. Sashe na 221 ya kama wanda ya yi nufin kisa, ya kuma kama wanda ya sani, ko yake da dalilin sani, cewa mutuwa ita ce sakamakon da aka fi tsammani, ba mai yiwuwa kawai ba. Kundin ya bambanta matakan biyu: mai yiwuwa shi ne abin da in ya faru mai hankali ba zai yi mamaki ba, wanda aka fi tsammani shi ne abin da mai hankali zai ɗauka a matsayin sakamako na al'ada. Tsakanin waɗannan biyun ne hukuncin kisa da ɗauri suke rabuwa, don haka ɗalibi ya daɗe a nan.

A ƙasa da niyya akwai ganganci, kuma tarihinsa darasi ne kansa. A 1957 Cunningham ya fizge mitar gas daga bango don ya saci kuɗin ciki, gas ɗin ya ratsa zuwa gidan maƙwabta ya galabaitar da wata mata. Kotu ta ce sai an nuna shi kansa ya hango haɗarin. A farkon shekarun 1980 shari'ar Caldwell ta ce ya isa a nuna haɗarin a fili yake ga mai hankali, ko da wanda ake tuhuma bai yi tunaninsa ba. Sai a 2003 aka kawo yara biyu, ɗan shekara 11 da ɗan 12, da suka kunna wa jaridu wuta a bayan wani kanti suna zaton za ta mutu da kanta, ta ci ta yi ɓarnar kusan fam miliyan ɗaya. Auna yaro da ma'aunin babba mai hankali ya zama zalunci ƙarara, kotu ta soke Caldwell ta koma ga abin da mutum ya hango da kansa. A ganinmu gyaran ya yi daidai, sai dai ya makara da shekara ashirin.

Tambaya: Mun yi gardama a aji. An soki mutum da wuƙa, aka kai shi asibiti, likita ya yi sakaci ya mutu. Wa ya kashe shi a idon doka? (Ɗalibai uku)

Amsa: Tambaya biyu za ku yi, a jere, kada ku tsallake ta farko.

Ta farko: ba don aikin wanda ake tuhuma ba, da mutumin ya mutu a lokacin da ya mutu? A 1910 White ya zuba wa mahaifiyarsa guba a abin sha, aka same ta a mace, amma likitoci suka tabbatar bugun zuciya ne ya kashe ta, ba gubar ba. Ba a same shi da kisa ba, an same shi da yunƙurin kisa. Mugun nufi komai girmansa ba ya cike gurbin sababi.

Ta biyu: a lokacin mutuwar, raunin farko yana nan yana aiki a matsayin babban sababi? Ku ajiye shari'u biyu gefe da gefe. A ta Smith, 1959, soja ya soki soja da banati a faɗan bariki. Abokin da ya ɗauke shi zuwa wurin magani ya yar da shi sau biyu a hanya, likitan da aiki ya yi wa yawa bai gane huhu ya huje ba, ya yi masa abin da ya ƙara cutar da shi, ya mutu cikin kimanin awa biyu. An ba da shaida cewa da an yi masa maganin da ya dace, damar rayuwarsa ta kai kashi 75 cikin ɗari. Duk da haka laifin kisa ya tabbata kan mai sukan, domin zubar jinin daga hujin ne ya kashe shi. A ta Jordan, 1956, mutumin ya yi kwana takwas, raunin ya kusa warkewa, sai aka ci gaba da ba shi wani maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan jikinsa ya nuna ba ya karɓarsa, aka kuma ɗura masa ruwa fiye da kima har huhunsa ya cika. Nan kotu ta soke hukuncin, domin raunin ya zama tarihi, maganin ne ya yi kisan.

Jordan ce ta fi daɗin kawowa, kuma ita ɗalibai suka fi so, amma kotuna sun sha cewa lamarinta na musamman ne. A yawancin tambayoyin jarrabawa Smith ce amsa. Sakacin likita na yau da kullum ba ya yanke igiyar sababi. Sai ya kai matsayin da aikin farko ya zama ba komai a gabansa. Wannan ba ya wanke likitan. Yana iya ɗaukar nasa laifin na kisa ta mugun sakaci, kamar likitan sa barci a shari'ar Adomako ta 1994, wanda bututun iska ya cire daga majinyaci ana tsakiyar aikin ido bai lura ba har mintuna suka wuce.

In majinyacin ne ya ƙi magani fa? A shari'ar Blaue, 1975, budurwar da aka soka ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta, ta mutu. Kotu ta ce wanda ya kai hari ya ɗauki mutum yadda ya same shi, da jikinsa da imaninsa.

Abu na ƙarshe: duba lokaci. Sashe na 314 na Kiriminal Kod ya ce in mutuwar ta zo bayan shekara ɗaya da kwana ɗaya, ba a ɗauka mutum ya yi kisa. Ingila ta soke wannan ƙa'ida a 1996.

Tambaya: Ana koya mana hanyoyin fassara doka guda uku. Ta yaya zan san wadda alƙali zai bi? (Wani ɗalibi)

Amsa: Gaskiya ba za ka sani da tabbaci ba, kuma alƙalai ba safai suke sanar da sunan hanyar da suka bi ba. Abin da za ka iya shi ne gina hujja da kowace.

Bin lafazi zalla: a 1868 wani ya jefa ƙuri'a da sunan mamaci, dokar ta hana shigar burtu da sunan "wanda ke da haƙƙin jefa ƙuri'a", kotu ta ce mamaci ba shi da wannan haƙƙi, aka sake shi. A shari'ar Fisher da Bell, mai kanti ya ajiye wuƙa mai maɓalli a tagar kantinsa da kuɗinta a jiki. Doka ta hana "tayin sayarwa", amma a dokar ciniki baje kaya gayyata ce ga mai saye ya yi tayi, don haka ya kuɓuta, sai da majalisa ta gyara dokar a 1961.

Kauce wa ma'anar da hankali ba zai ɗauka ba: a shari'ar Adler da George, 1964, doka ta hana tare jami'i "a kusa da" haramtaccen wuri, wanda ake tuhuma ya ce shi a cikin sansanin yake, ba a kusa ba. Kotu ta ƙi.

Duban ɓarnar da aka yi dokar don ta kawar, hanyar da ake jingina wa shari'ar Heydon ta 1584: a ta Smith da Hughes, 1960, matan da ke kiran maza daga baranda da taga sun ce su ba "a kan titi" suke ba. Kotu ta ce manufar dokar ita ce masu wucewa su wuce ba a dame su ba, laifi ya tabbata.

A dokar laifi akwai ƙa'idoji biyu da ke danne waɗannan duka. Ɗaya, babu laifi sai da rubutacciyar doka da ta bayyana shi ta kuma faɗi hukuncinsa. Sashe na 36(12) na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ke nan, kuma a kan irin wannan tanadi ne aka soke hukuncin zina da kotun gargajiya ta yanke wa wata mata a shari'ar Aoko da Fagbemi, 1961, saboda Kiriminal Kod bai sa ta cikin laifuffuka ba. In shakka ta gaske ta rage bayan an gwada komai, wanda ake tuhuma ke cin moriyarta. Biyu, in sashe ya yi shiru kan sani ko niyya, ba a gaggawar cewa majalisa ta yafe su. A shari'ar Sweet da Parsley wata malamar makaranta ta ba da hayar gidan gona, 'yan hayar suka riƙa shan wiwi ba da saninta ba, kotun ƙoli ta soke hukuncin da aka yi mata.

Tambaya: Hukunci ɗaya sai ya kai shafi arba'in, ga jarrabawa ta matso. Yaya zan karanta, kuma yaya zan amsa tambayar labari da ake ba mu? (Wata ɗaliba)

Amsa: Fara daga ƙarshe ki ga wa ya yi nasara. Sai ki koma ki nemo tambayar doka da aka ɗaukaka ƙara a kanta, yawanci ɗaya ce ko biyu. Daga nan ki nemi dalilin da in an cire shi hukuncin zai rushe. Shi ne ratio decidendi, shi ke ɗaure ƙananan kotuna. Sauran zancen da alƙali ya yi a kan hanya obiter ne, wato ba ya ɗaure wata kotu. Kada ki raina shi dai: bayanin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yi kan rashin gaskiya a shari'ar Ivey ta 2017, wadda rigimar kuɗin caca ce ba ta laifi ba, obiter ne, amma a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta umarci kotunan laifi su bi shi su bar tsohon ma'aunin shari'ar Ghosh ta 1982. Kullum ki bincika ko hukuncin yana raye. Shari'ar Anderton da Ryan, kan yunƙurin aikata abin da ba zai yiwu ba, an yanke ta a 1985, kotun da ta yanke ta ta soke ta a 1986.

A ɗakin jarrabawa, in an ba ki minti 45 ga tambaya, kashe kamar takwas wajen tsarawa. Jera mutanen labarin, ki ɗauki kowa shi kaɗai. Fara da laifi mafi girma da hujjojin za su iya ɗauka, ki sauko. A kowane laifi: aikin, sai sababi, sai niyya, sai ki tabbatar aikin da niyyar sun haɗu a lokaci. Nan ake yawan ɗana tarko. In labarin ya ce an bugi mutum, aka zaci ya mutu, aka jefar da shi, sanyi ya ƙarasa shi, Thabo Meli ake nema, shari'ar 1954 daga ƙasar da yanzu ake kira Lesoto, inda aka ɗauki duka matakan a matsayin shiri guda.

Kariya tana zuwa bayan kin gama rukunai, kuma ki faɗi abin da kowace ke haifarwa. Kare kai in ya tabbata sallama ce. Tsokana mai tsanani ta ba-zata, a sashe na 222(1) na Final Kod, sauke laifin take yi daga mai hukuncin kisa zuwa mai ɗauri, ba ta sallamar kowa. Taɓin hankali kuma nauyin tabbatar da shi kan wanda ake tuhuma yake, a ma'aunin rinjayen hujja, saɓanin ƙa'idar Woolmington ta 1935 da ta ɗora wa mai gabatar da ƙara tabbatar da laifi ba tare da shakka mai ma'ana ba.

Kada ki sake kwafe labarin, malami shi ya rubuta shi. Kowace jimla ta doka ki bi ta da "a nan kuwa", ki ɗauko abin da ke cikin tambayar: tsawon wuƙar, mintunan da suka wuce tsakanin zagin da sukan, kalmar da wanda ake tuhuma ya furta. In labarin bai faɗi wani abu mai muhimmanci ba, misali ko ya san bindigar na da harsashi, rubuta sakamakon in ya sani da sakamakon in bai sani ba. In sunan shari'a ya ɓace miki, kawo abin da ya faru a cikinta da ƙa'idar da ta kafa. Yawancin malamai za su ba ki mafi yawan makin wannan wuri.